Sharhi kan gahawar wani shago a Wuse bayan wata guda ina zuwa

Wata guda na yi ina tsayawa a wani shagon gahawa da ke Wuse, Abuja, kusan kowace safiya kafin in wuce ofis, kuma sai a mako na biyu, da na daina zuba sukari, na fara jin ainihin abin da ake ba ni. Kamar yawancinmu, da Nescafé na teburin mai shayi na saba, inda madarar gwangwani take rufe komai, har mutum ya ɗauka cewa ɗaci kaɗai gahawa ta mallaka.

Espresso ɗinsu, wato 'yar gahawa mai kauri da na'ura take tatsowa da ƙarfin ruwan zafi, bai gamsar da ni ba. Wanda aka haɗa daidai yakan ɗauki daƙiƙa 25 zuwa 30 yana tsiyayowa, amma nasu yakan ƙare cikin kusan 15, alamar niƙan bai yi laushi ba, saboda haka ruwan yake ratsawa da gaggawa ya fito tsararo da tsami mai kama haƙori. Na kuma lura cewa tun da sassafe suke niƙa ta yini guda, alhali ƙamshin gahawa yakan fara gushewa jim kaɗan bayan niƙa. Ƙwayar da suke sa wa na'urar baƙa ce wuluk tana maiƙo, ƙaurinta kuwa yana nan a maƙogwaro har azahar.

Abin da ya hana ni ƙaurace wa shagon shi ne gahawar yankin Yirgacheffe na ƙasar Habasha, wadda suke niƙawa a gabanka su tace da hannu ta cikin takarda. Ranar farko na zaci shayi aka ba ni saboda rashin kaurinta, sai da ta ɗan huce na ji ƙamshin fure da ɗan tsami irin na lemo, sannan wani zaƙi ya biyo baya ba tare da sukari ba. Irin arabika ce, wadda sinadarin hana barcinta kusan rabin na robusta ne, wato ɗayan babban nau'in gahawar, shi ya sa ba ta sa ni bugun zuciya.

Na tambayi ko suna da ta tsaunin Mambila a Taraba, inda ake noman arabika, matashin da ke haɗawa ya ce ba a kawo musu. Zan ci gaba da zuwa don ta Habashar, amma sai na ga ranar suyarta a jikin leda kafin in biya.