Janareta ko Sola? Duba Nan Kafin Ka Zaro Kuɗinka

Idan janaretanka ya yi minti goma yana aiki, kai hannu kusa da salansarsa. Wannan hucin da ya sa ka janye hannu da sauri, fetur ɗinka ne yake tafiya a iska. A cikin lita ɗaya ta fetur akwai makamashin da ya kai yunit 9, irin yunit ɗin da muke saya a mita. Abin da ƙaramin janareta yake iya ba ka a matsayin wuta bai fi yunit 2 ba, shi ma sai yana da lafiya kuma an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa. Sauran ya tafi a zafi da hayaƙi da ƙarar da ke hana maƙwabta barci. Kuma ba laifin bakanike ba ne. Tun 1824 wani injiniyan Faransa, Sadi Carnot, ya nuna cewa duk injin da ke juya zafi ya koma aiki dole ya zubar da wani kaso, komai kyan ƙirarsa.

Da can ba ma wannan lissafin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya koma malamin lissafi a gidansa. Janareta yana da arha ranar saye, daga nan kuma kullum kana gidan mai da jarka. Na dizal ya fi na fetur tattali, amma wannan na masu otal da gidan burodi ne, mu wuce.

Ni dai sola na zaɓa, kuma ba na ɓoyewa. Wani zai ce ai farantin sola ma kashi 20 cikin ɗari kawai yake kamawa na hasken da ya sauka a kansa. Gaskiya ne. Amma wa ya taɓa kawo maka bil na rana? Asarar da janareta yake yi daga aljihunka take fita, ta sola kuwa daga abin da Allah ya ba mu kyauta. Sai dai ka san halinsa: haske yake so, ba zafi ba. A ƙunar Maris da Afrilu farantin yakan yi zafi ƙarfinsa ya ragu, don haka kar ka yarda a manna shi jikin kwano, a bar tazarar da iska za ta ratsa ta ƙasa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Duk Asabar nakan hau da bokiti da tsumma mai laushi da sassafe. A Agusta kuwa, in hadari ya kwana biyu bai yaye ba, sai haƙuri da rage kaya.

Batir shi ne inda kuɗin yake, kuma nan na ƙone. Shekarar da na fara, wani mai shago a cikin gari ya yi ta rantsuwa yana ce mini, "Alhaji, wannan ɗan waje ne, ka kai gida ka gani." Batir biyu, kowanne an rubuta 200Ah, wato yawan cajin da yake ɗauka. Yaron shagon shi kaɗai ya sungumi ɗaya ya sa a Keke, ko nishi bai yi ba. Da na san abin da na sani yanzu, a nan zan ce a sauke. Batirin dalma mai wannan girman yakan kai kilo 60, mutum biyu suke kama shi. Kafin wata huɗu, fanka ɗaya da ƙwai uku ba sa kai mu ƙarfe goma sha biyun dare. Na koma, aka ce ni na lalata su.

Farantin ma akwai na bogi, kuma gane shi ba wuya in ka zo da tef ɗin awo. Rana tsaka, hasken da ke sauka a murabba'in mita ɗaya kusan wat 1,000 ne. Kashi 20 nasa wat 200 ke nan. To farantin da bai fi mita ɗaya tsawo da faɗi ba, an liƙa masa takarda an ce 500W, wato wat 500, daga ina zai samo ragowar? Takarda ba ta ƙirƙirar makamashi. Akwai kuma masu wanke tsofaffin batura su sake musu fenti da sitika. Ka nemi rasit mai lambar kaya da garanti a rubuce, ka tafi da mai haɗa maka wanda ba yaron mai shagon ba ne, a gwada a gabanka. Mai gaskiya ba ya jin haushin gwaji.

In aljihu zai ɗauka, sayi batirin litiyam. Na dalma rabinsa kawai ake so ka sha, in ka saba ƙarar da shi zai mutu da wuri, kuma wajen kashi 20 na cajin da ka zuba masa yana ɓacewa. Litiyam ɗan kaɗan yake zubarwa, kana iya jan mafi yawan abin da ke cikinsa, ya kuma yi shekaru. Inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin wadda kayan gida suke amfani da ita, ita ma tana cin nata rabon ko ba ka kunna komai ba, saboda haka kar ka sayi wadda ta fi ƙarfin buƙatarka don burga.

Dutsen guga, hita da rishon lantarki kuwa, a nisanta su da batir. Dutsen guga ɗaya yana jan wat 1,000 ko fiye, abin da fanka goma sha biyu ba su ja ba. Maiɗakina sai da muka yi ta daru kafin ta yarda: girki a gas, guga da tsakar rana ko in an kawo wuta. Tsohon janaretan yana nan a bayan gida na rufe shi da buhu, sai Agusta nake tuna shi.