Tsinken ɗaukar ciyawa a bayan tsohuwar Massey Ferguson 135: ya iya dako, bai iya jera sama ba

Duk mai shanu da ya koma sayen manyan damman ingirici, irin waɗanda inji ke naɗewa, ya san cewa wahalar tana farawa ne bayan mota ta sauke. Dami mai faɗin ƙafa 4 yakan kai kilo 200 zuwa 300 idan ciyawar ta bushe sosai, kuma ba shi da wurin kamawa. Ƙarti sai dai su gangara shi, igiya ta tsinke, rabin ciyawar ta watse a hanya. Shi ya sa na ba wani mai walda aikin tsinken ƙarfe da ake ɗaurawa a bayan tarakta, na yi aiki da shi tun daga kaka har faɗuwar ruwa, a gonarmu da ke wajen Zariya.

Taraktar Massey Ferguson 135 ce, cikin waɗanda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, mai injin Perkins silinda 3, ƙarfin doki kusan 45. A bayanta akwai hannuwa biyu na ƙasa da haidirolik ke ɗagawa da sanda ɗaya ta sama, tsarin da Harry Ferguson ya ƙirƙiro domin garma. Tsinken firam ne mai kusurwa uku, da dogon ƙarfe mai tsini a tsakiya da gajeru biyu a ƙasa masu hana dami juyawa. Ka yi baya, ka soke damin a cibiya kamar tsire, ka ja liba, ya tashi. Kuɗinsa bai kai na tayar baya guda ba.

Wajen dako ba ni da abin cewa sai yabo. Mutum ɗaya ya isa ya kwashe fili, dami ya isa garke da igiyarsa lafiya. Nauyin ma bai dami haidirolik ba, domin hannuwan nan suna ɗaga abin da ya fi dami ɗaya nesa ba kusa ba. Inda ake jin nauyin shi ne gaba. Damin yana zaune can bayan tayoyin baya, ita kuwa 135 ƙarama ce, sai hancinta ya yi shawagi, sitiyari ya yi sakwaf a hannu. A kan kunya ko ramin hanya tayoyin gaba har barin ƙasa suke yi. Sai da aka rataya ƙarafan nauyi a gaba ta natsu. Idan akwai hawa, da baya ake hawa, kaya suna ta sama, a ƙaramar giya. Wannan ba abin wasa ba ne, tarakta irin wannan ba ta da ƙarfen kariya a saman direba, in ta kife da mutum babu inda zai ɓuya. Kuma don Allah a hana yara ɗarewa kan madigadi, direban da ke waiwayen dami ba ya ganin su.

Akwai halayen tsohuwar tarakta da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya biya mai walda. Kulocinta hawa biyu ne: in ka taka rabi, tafiya ce ta tsaya, in ka taka har ƙasa, famfon haidirolik ma ya tsaya. Direban da bai saba ba zai danne kuloci yana jan liba, dami ya ƙi motsi, ya rantse famfo ya mutu. Libobin ma biyu ne, ɗaya ta garma ce mai bin taurin ƙasa, ɗaya ta tsayar da kaya a inda ka ajiye su, kuma wannan ta biyun ake so a aikin dami. Sai yoyon cikin silindar haidirolik, wanda shekaru ke kawowa: ka kashe inji da dami a sama, ka dawo ka tarar ya sauka. Saboda haka ba a barin kaya a rataye, ba a kuma shiga ƙarƙashi don gyara igiya. Ƙusoshin haɗi kuwa girma-girma ne, akwai na milimita 22, akwai na 28, gara mai walda ya zo ya auna ramukan taraktarka da hannunsa. Sarƙoƙin gefe a ɗaure su, in ba haka ba dami zai riƙa lilo yana gogar taya.

To, sai jerawa, kuma a nan ne tsinken ya gaza. Hannuwan baya an yi su ne don su ɗaga garma daga ƙasa ta wuce, iyakarsu ke nan. Gindin dami yana tashi zuwa kusan gwiwar mutum, alhali saman damin da ke ƙasa ya kai ƙirji. Rage tsawon sandar sama yana ɗaga bakin tsinken kaɗan, yana hana dami zamewa, amma bai kai shi hawa na biyu. Rumfarmu tana da tsawon da zai ɗauki hawa uku, ga shi mun shimfiɗa komai a ƙasa, sauran suka kwana a waje. A ƙasarmu kuwa dami a ƙasa abincin gara ne. Dole muka shimfiɗa tsofaffin tayoyi da katako, wanda shi ma tsinken ya taimaka, domin yana dire dami daidai inda ake so.

Dabarar da ta ba mu hawa na biyu ita ce tudun jar ƙasa da muka dandaɓe a bakin rumfa, tarakta ta hau da baya ta dire dami a kwarin da ke tsakanin biyu na ƙasa. Tana aiki, amma layin farko kawai take kaiwa, sauran sai mutane sun tura, ga wuyan direba ya ƙage da waiwaye kafin azahar. Loda tirela ma haka, sai an sa ta a kwari ƙasa da inda tarakta take.

Mai shanu ashirin ko talatin da ke son kai dami garke kullum, yana da fili wadatacce, ya yi tsinken nan ba zai yi nadama ba, amma ya nemi ƙarfe mai tauri na gaske, domin rodin gini lanƙwashewa yake yi. Wanda rumfarsa ƙarama ce, ko mai sayar da ciyawa da ke loda motoci, ya tara kuɗinsa ya nemi tarakta mai hannun ɗagawa a gaba, ko ya ɗauki hayarta ranar jera kaya, tsinken ya ci gaba da dakon yau da kullum.