XAMPP: Sabar Gwaji a Cikin Kwamfutarka, Amfaninta da Iyakarta

Duk wanda ya fara koyon PHP, yaren da ake rubuta manhajar shafukan intanet da shi, yana cin karo da wata matsala tun a ranar farko, wato burauza ba ta iya sarrafa fayil ɗin PHP da kanta kamar yadda take buɗe shafin HTML. Dole sai an sami saba, wato manhajar da ke raba shafuka, da za ta karɓi buƙatar burauza, ta miƙa wa PHP ya yi aikinsa, sannan ta mayar wa burauza da sakamakon. Girka waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, tare da daidaita su har su fahimci juna, aiki ne da kan karya gwiwar sabon ɗalibi kafin ya rubuta ko layi guda. Wannan giɓi ne XAMPP, ƙunshin da ke girka su gaba ɗaya, ya zo ya cike, kuma bayan na daɗe ina amfani da shi a kan Windows, ina ganin ya cancanci a auna shi da adalci.

Ƙungiyar Apache Friends ce ta samar da shi, wadda Kai Seidler da Kay Vogelgesang suka kafa a shekarar 2002, kuma kyauta ake sauke shi. Sunan kansa bayani ne na abin da ke cikin ƙunshin: harafin X yana nufin yana aiki a kan Windows da Linux da macOS, sauran haruffan kuma suna wakiltar Apache (manhajar saba) da MariaDB (rumbun bayanai) da PHP da Perl (wani yaren shirya manhaja). A da MySQL ne rumbun bayanan da ke ciki, amma tun 2015 aka maye gurbinsa da MariaDB, wanda Michael Widenius ya tsago daga MySQL a 2009. Abin mamaki shi ne har yau allon sarrafawa yana rubuta MySQL a jikin maɓallin, lamarin da kan rikita masu koyo, kodayake a ayyukan yau da kullum bambancin ba ya bayyana.

Girkawar ba ta da wani wuya. Fayil ɗin Windows ya kai kusan megabait 150, kuma da zarar an sauke shi sau ɗaya ba a ƙara buƙatar intanet, don haka malami ɗaya zai iya raba wa aji guda ta filashi. Ga wanda yake ƙirga data kafin ya taɓa komai, wannan ba ƙaramar falala ba ce. Gargaɗi ɗaya da manhajar ke bayarwa tun farko ya kamata a ɗauke shi da muhimmanci: kada a girka shi a cikin foldar Program Files, domin tsarin izini na Windows yana iya hana shi rubuta fayilolinsa a can. A bar shi a C:\xampp inda ya zaɓa da kansa. Bayan haka sai a buɗe allon sarrafawa, a danna Start a gaban Apache da MySQL, a rubuta localhost a burauza. Idan shafin maraba ya fito, to saba ta tashi, kuma duk abin da aka ajiye a foldar htdocs ya zama shafin da za a iya buɗewa.

A nan ne ƙarfin XAMPP yake, kuma ban ga dalilin rage masa yabo ba. Cikin mintuna kaɗan mutum zai iya ɗora WordPress, manhajar gina shafuka, ya ƙirƙiri rumbun bayanai ta phpMyAdmin, shafin sarrafa rumbu a burauza, ba tare da ya haddace umarnin SQL ba, ya lalata komai, ya sake ginawa, babu wanda ya gani kuma babu kuɗin haya da ya salwanta. Ɗalibin da ke haɗa aikin kammala karatu, ko mai zana wa wani shago shafi da yake son nuna wa mai shagon kafin a sayi suna da masaukin shafin a intanet, ba ya buƙatar fiye da haka. XAMPP na Windows yana zuwa har da wasu ƙarin manhajojin saba, wato FileZilla da Mercury da Tomcat, sai dai mafi yawan mutane ba za su taɓa kunna su ba, kuma gara a cire alamar zaɓinsu tun wajen girkawa.

Wahalar tana farawa ne a wajen daidaitawa. Apache yana sauraro ta ƙofa mai lamba 80, da 443 idan haɗin mai tsaro ne, MariaDB kuma ta 3306. Idan wata manhaja ta riga ta tare ɗaya daga cikinsu, kamar IIS, sabar Windows, ko wani MySQL da aka girka a baya aka manta, sai saba ta ƙi tashi, jan rubutu ya cika ƙasan allo. Maganin shi ne a buɗe httpd.conf, fayil ɗin saitunan Apache, idan ƙofa ta 80 ce aka tare, a canja layin Listen 80 zuwa 8080, a riƙa rubuta localhost:8080. Gyaran bai fi minti ɗaya ba ga wanda ya sani, amma saƙon kuskuren yakan lissafo dalilai da dama lokaci guda ba tare da ya nuna wanne ne ainihin ba, sai mutum ya koma karanta fayil ɗin rajistar kurakurai. Haka php.ini, fayil ɗin saitunan PHP, yake: wasu ƙarin sassa kamar gd na sarrafa hotuna da intl na harsuna suna zuwa a kashe, sai an goge alamar waƙafi mai ɗigo da ke gaban layinsu, sannan a kashe Apache a sake kunnawa. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa, mutum ya yi ta gyara yana mamakin me ya sa babu abin da ya canja.

Akwai abubuwa biyu da suka fi shafar masu aiki a ƙasar Hausa. Na farko shi ne wutar lantarki. Rumbun bayanai ba ya son a yanke masa aiki babu shiri, kuma idan aka ɗauke wuta ko batir ya mutu yana tsakiyar rubutu, fayilolinsa na iya lalacewa, gobe a wayi gari da saƙon cewa MySQL ya tsaya ba zato. Akwai foldar backup a cikin mysql da ake amfani da ita wajen farfaɗo da shi, amma hanyar tana da haɗari ga wanda bai san abin da yake kwafa ba. Abin da ya fi shi ne a riƙa danna Stop kafin a kashe kwamfuta, a kuma fitar da kwafin rumbun ta phpMyAdmin a kai a kai. Na biyu shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Idan ba a sa rumbun da kuma haɗin PHP da shi a kan tsarin haruffa na UTF-8, kamar utf8mb4, ba, sai a ga alamomin tambaya sun maye gurbinsu, kuma sau da yawa ba a lura sai bayan an shigar da rubutu mai yawa.

Babban abin da ya kamata a faɗa ƙarara shi ne XAMPP ba na buɗe wa duniya ba ne, kuma masu shi ma ba su ɓoye hakan ba. Babban asusun rumbun bayanai, wato root, yana zuwa ba tare da kalmar sirri ba, an kuma sassauta saituttuka da dama da gangan domin gwaji ya yi sauƙi. Duk wanda ya ɗora bayanan ɗalibai ko na abokan ciniki a kansa ya buɗe wa intanet ya bar ƙofar gida a buɗe ne ya tafi kasuwa.

Sai kuma batun tsufa, wanda shi ya fi damuna. Fitowar 8.2.12 ta Nuwamban 2023 tana ɗauke da PHP 8.2 da MariaDB 10.4, alhali PHP 8.3 ya fito a wannan Nuwamban ɗin, 8.4 kuma ya biyo baya a Nuwamban 2024. Ƙari ga haka, kowane girki yana zuwa da PHP ɗaya tak, don haka mai kula da shafuka da dama masu buƙatu daban-daban zai fi samun sauƙi da takwarorinsa WampServer ko Laragon, waɗanda ke ba da damar sauya PHP, ko kuma Docker idan kwamfutarsa tana da ƙarfi. Ga ɗalibin da ke koyon madauki da fom da haɗa PHP da rumbun bayanai, wannan tazara ba za ta hana shi komai ba, kuma shi zan ci gaba da ba wa shawarar ya fara da XAMPP. Amma wanda ke shirin miƙa aiki ga mai biyan kuɗi ya fara tambayar kamfanin masaukin wane PHP ne a kan sabarsu, ya gwada aikin a kan irinsa kafin ya ɗora.