Manhaja ko muryar malam: wanne ya fi wa yaron da karatu ke ba wuya?

A makarantun firamaren Agege da Idi-Araba a Legas za ka tarar da ɗan aji uku da bai iya haɗa baƙi ba: Hausa a gida, Yarbanci a layi, Turanci a aji. Hanya biyu ce mai sauƙin kuɗi.

Ta farko manhajar Read Along ta Google. Yaro na karantawa da ƙarfi, tana saurare, in ya yi tuntuɓe ta faɗa masa kalmar. In an sauke labaran sau ɗaya, sai ta yi aiki ba data. Amma waya ɗaya yaro ɗaya ne, kuma hayaniyar aji da ƙarar janareta kan rikita mata ji. Ga matsalar lafazi: ɗan Bahaushe kan maida "p" ta zama "f", manhajar ta nuna kuskure ba ta koya masa haɗa leɓe ba. Wanda bai san haruffa ba kuwa, dangwalar allo kawai zai yi.

Ta biyu, malam ya naɗi muryarsa a waya yana karanta abin da ke takardar yara, ya haɗa da ƙaramar sifika. Yara biyar zuwa shida a tabarma, kowa da takardarsa, yatsa a ƙarƙashin kalma. Minti 15: su saurara sau biyu, su bi tare, sannan a kashe sifika kowa ya karanta shi kaɗai. Nan ake kama mai hadda: nuna masa kalmar tsakiyar layi, sai ya yi shiru.

Mai fama da haruffa a fara masa da ta biyu. Manhaja sai ya fara karanta gajerun jimloli, da daddare, a wayar mahaifiyarsa.