Da wane kundin Metallica ya kamata sabon mai sauraro ya fara?

Tambayi tsofaffin masoya Metallica, ƙungiyar Amurka mai kiɗan metal (wani nau'in kiɗan rok mai nauyi), kundin da ya fi kowane kyau, yawancinsu za su ce maka Master of Puppets na 1986. Ban yi musu gardama ba. Amma kundin da ya fi kyau daban, wanda ya dace baƙon kunne ya fara da shi daban. Na saurari kundayen ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya, a iyafis da kuma a sifika babba, kuma hukuncina shi ne a fara da na 1991, mai baƙin bango, wanda sunansa na asali Metallica amma kowa ke ce masa Black Album.

Dalilin farko gudu ne. Abin da ke korar sabon shiga daga kiɗan metal ba ƙara ba ce kawai, rashin rarrabewa ne: jita biyu, jitar bes, ganguna da murya duk su cakuɗe masa su zama hayaniya ɗaya. Waƙar da aka raɗa wa Master of Puppets sunanta tana tafiya da bugu sama da 200 a minti, tsawonta ya wuce minti 8, kuma kiɗan na sauya hanya sau da yawa kafin ta ƙare. Enter Sandman kuwa, wadda ta buɗe kundin 1991, bugunta wajen 120 ne, minti 5 da rabi, an gina ta kan zagayen kiɗan jita guda ɗaya da ake ta komawa kansa. Jitar ta fara a sanyaye ita kaɗai, sai ganguna su shigo, sai bes, nauyi na ƙaruwa kaɗan-kaɗan har minti guda ya wuce ba a ji murya ba. Kunne na samun damar sanin kowane kayan kiɗa kafin su haɗu.

Na biyu aikin situdiyo ne, kuma a nan kundin ya yi wa 'yan'uwansa nisa. Bob Rock ne furodusa, an ɗauki watanni ana naɗa a Los Angeles daga ƙarshen 1990 zuwa tsakiyar 1991, aka fitar a watan Agusta. Gangunan Lars Ulrich suna da faɗi da amo, bes ɗin Jason Newsted yana fitowa sarai, James Hetfield kuma ya rage ihu ya koma rerawa. A saurari Sad but True, waƙa ta biyu. An sassauta tsirkiyoyin jita sautin ya sauka ƙasa, gudun bai kai bugu 100 ba, amma ta fi waƙoƙi masu sauri da yawa danne ƙirji. Wanda ya ji ta zai gane cewa nauyi a wannan kiɗa ba daga sauri yake zuwa ba.

Waƙoƙi 12 ne, minti 62 da 'yan kai. Ba na ba da shawarar a cinye su a zama ɗaya. A fara da biyar na farko, wajen rabin awa ke nan, sai a tsallaka zuwa ta takwas, Nothing Else Matters, mai sanyi da rakiyar goge irin na Turawa. A maimaita waɗannan sau biyu ko uku kafin a taɓa sauran. Gaskiya sauran waƙoƙin ba su kai waɗannan ba. Don't Tread on Me da The Struggle Within ba su ne za su riƙe mutum ba. Akwai kuma ta goma, The God That Failed, wadda sunanta zai iya sa mai sauraro ya ja baya. Hetfield ya rubuta ta ne kan mahaifiyarsa, wadda cutar kansa ta kashe bayan ta ƙi maganin asibiti saboda aƙidar cocinsu. Wanda ransa bai kwanta ba ya wuce ta, ba abin da zai ragu.

Kayan sauraro na iya lalata komai. Sifikar waya ba ta fitar da ƙasan sauti, don haka bes da babbar ganga ɓacewa suke yi, a bar mutum da tsiwar jita da ƙarar farantan ƙarfe. A sa iyafis mai toshe kunne ko hedifon. A kashe ƙarin bes da wasu manhajoji ke kunnawa, domin yana rufe muryar jita. Ƙarar kada ta wuce kashi 60 cikin 100. Kiɗan na ja mutum ya riƙa ƙarawa bai sani ba. Idan za a sauke, a zaɓi inganci mai girma, wajen megabait 150 zai ci. Ƙaramin fayil farantan yake fara ɓatawa, su koma shuuu kamar rediyon da bai kama tasha ba.

Daga nan sai a koma baya zuwa Ride the Lightning na 1984, waƙoƙi 8, minti 47. Yana da sauri, amma For Whom the Bell Tolls da Fade to Black suna ba da wurin hutawa. Kiɗan da ya buɗe ta farkon, wanda mutane da yawa ke ɗauka jita ce, bes ɗin Cliff Burton ne, mai kaɗa bes na ƙungiyar kafin Newsted, wanda ya rasu a haɗarin mota a Suwidin a 1986. Bayan wannan kundin ne lokacin Master of Puppets ya yi, kunne ya riga ya iya bin jita biyu a tare.

Uku ne ban yarda a fara da su ba. ...And Justice for All na 1988 rubutunsa gwanin kyau, sai dai an danne bes wajen haɗa sauti har kusan ba a jinsa, kiɗan ya bushe, waƙoƙi biyu a ciki kuma sun doshi minti 10. St. Anger na 2003 ba shi da solon jita ko ɗaya, wato wurin da jita ɗaya ke jan kiɗa a madadin murya, duk da mai yin sa, Kirk Hammett, na nan, ƙaramar gangar kuma ƙarar ƙarfe take yi tun daga farko har ƙarshe. Death Magnetic na 2008 waƙoƙinsa ba laifi, amma an matse sautin don ya yi ƙara har yana tsagewa, minti ashirin a iyafis ya isa kunne ya gaji.

Masu cewa Black Album ne inda ƙungiyar ta bi kasuwa suna da hujja, don ya sayar da kwafi sama da miliyan 16 a Amurka kaɗai, kuma an sauƙaƙa shi da gangan. Iyakar wanda zan ce ya tsallake shi shi ne mutumin da ya riga ya saba da kiɗan rok mai sauri. Shi kam ya nufi Ride the Lightning kai tsaye, ya fara daga waƙa ta uku.