Darbejiya ko kurna: wacce ta dace da tsakar gida a Kano?

Hajiya, barka da tarewa, Allah ya sa gidan zama ne. Kin ce tsakar gidanki a Rijiyar Zaki ba ta da faɗi, ruwa kuma daga 'yan garuwa kike saya, ga shi masu sayar da dashe sun ba ki shawarar darbejiya da ciyawar kafet, alhali mahaifinki yana cewa ki sa kurna. Ni dai ina bayan Baba, amma bari a ba kowacce haƙƙinta.

Darbejiya baƙuwa ce. Asalinta Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a Borno, daga can ta bazu ko'ina a Arewa. Abin da ya sa aka rungume ta kowa ya sani: saurin girma. Cikin shekara uku zuwa huɗu kin samu inda za ki shimfiɗa tabarma, tana jure fari, gara ba ta cika damunta ba. Kurna ba ta da wannan hanzari, sai an yi haƙuri da ita. Idan inuwar gaggawa kawai ake nema, darbejiya ta ci.

Matsalar tana ƙarƙashin ƙasa. Saiwar darbejiya tana bazuwa gefe-gefe tana farautar danshi, kuma a gidan birni ina danshi yake in ban da sokawe da gindin katanga? Ki lura da tsofaffin gidajen da aka dasa ta dab da bango, za ki ga daɓe ya ɗaga, siminti ya tsage. Ga 'ya'yanta da tsuntsaye da jemagu ke zubarwa, damina na sauka su tsiro a kowane lungu. Rama ko yakuwa da kika shuka a gindinta ma da wuya su yi kyau. Ita kurna saiwarta tana nutsewa can ƙasa ne, shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, za ki same ta da ganyenta ba wanda ya zuba mata ko moɗa ɗaya. Shekarar farko da ta biyu ne kawai take son ban ruwa da rani. Kuma tana ba da abin sawa a baki: yara su tsinci 'ya'yanta, ƙudan zuma su zo wa furenta, ganyen ya shiga magani. Ƙasar nan ƙasarta ce, sunan unguwar Kurnar Asabe a Kano ma shaida ne.

Aibinta ƙaya, kuma ba ƙarama ba. Gidan da ke da masu rarrafe sai an riƙa sassabe rassan ƙasa tun tana ƙarama har ta wuce kai, a kuma share gindinta kullum. Idan filin ya yi ƙanƙanta sosai, 'yar uwarta magarya ta fi dacewa, don ba ta kai ta girma ba, ga 'ya'ya da sanyin hunturu, ga ganyen da ake nema wajen wankan mamaci.

Kada kuma a ɗauka duk itacen gida ya dace da tsakar gida. Ceɗiya da durumi da gamji namu ne, amma saiwarsu ta fi ta darbejiya ɓarna, wurinsu dandali ko ƙofar masallaci. Tsamiya kuwa sai an daɗe kafin a sha kununta, kuma tana son fili.

Ciyawar kafet ki bar ta. Ruwan Kano daga Yuni zuwa Satumba yake, sauran wata takwas ɗin jarka za ki riƙa saya mata. Ki jera lalle a jikin katanga ya zama shinge, furensa na ƙamshi da yamma, ganyensa kuma kin san aikinsa.

Don haka kurna ko magarya a ciki, darbejiya a ƙofar gida idan akwai fili, nesa da katanga da sokawe kamar taku shida. Ki jira ruwa ya zauna a watan Yuli, a haƙa rami zurfin gwiwa, a gauraya ƙasar da tsohon takin dabbobi da ɗan toka saboda gara. Darbejiyar ƙofar gida a kewaye ta da bulo, don awakin unguwa ba sa ƙyale dashe.