Amonta ya tayar min da tsikar jiki, amma ba ta iya maimaita abin da ta yi

Duk mai harkar kiɗan fim ya sha ganin tallan 'yar sintisaizar nan mai gefen katako, wato na'urar haɗa sautin kiɗa da lantarki, wadda ake cewa ta dawo da amon shekarun 1970 da 1980. Kun san inda ake samunta, kun san kuɗinta, ba sai na ɓata muku lokaci a nan ba. Ni aiki ɗaya tak ya sa na saye ta: wani gajeren fim na almarar kimiyya mai ban tsoro, labarin mace ɗaya da ta rage a cikin jirgin sararin samaniya, ga wani abu yana yawo a cikin bututun iska. Daraktan ya ce ba ya son goge, ba ya son ganguna. Tsohon amon lantarki yake so, irin wanda mai kallo zai rasa gane ko kiɗa ne ko kuwa injin jirgin ne ke shirin mutuwa.

Da manhajojin kwamfuta na fara, kuma ba na raina su, da su nake cin abinci. Sai dai duk abin da na haɗa yakan fito tas, babu ƙura ko kaɗan. Ka danna maɓalli yau, ka danna gobe, abu ɗaya za ka ji. Kunne kuwa da zarar ya gane abin da zai biyo baya, tsoro ya ƙare.

To ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Akwai wata fitowa a fim ɗin inda matar ke tafiya a wani dogon lungu mai duhu, ba magana, ba motsin komai sai numfashinta. Na kunna na'urar tana sanyi, na ɗora osileta ta farko, wato ɓangaren da ke haifar da sautin, a kan muryar A ta can ƙasa, mai 55 Hz, wato kaɗawa 55 a daƙiƙa, na kawo ta biyu dab da ita amma ban bari sun haɗu ba. Na rufe filta, wato matatar sautin, har sai da kaifin amon ya tafi, gurnani kawai ya rage. Wanda ya san aikin ya san abin da ke faruwa idan sauti biyu suka kusanci juna haka: suna ta ƙarfafa juna suna kashe juna, sai a ji amon yana kumbura yana sacewa, kuma yawan kumburin a daƙiƙa ɗaya daidai yake da tazarar da ke tsakaninsu. Idan ɗaya tana 55 ɗaya tana 56, kumburi ɗaya ke nan a daƙiƙa, 60 a minti, bugun zuciyar mutumin da ke zaune lafiya. Haka na saita ta, na danna ɗauka, na sa hoton yana tafiya, na janye hannuna gaba ɗaya.

Wallahi ban taɓa komai ba. Amma da yake cikin na'urar yana ɗumama, sai osileta ta biyu ta fara zamewa a hankali, tazarar tana buɗewa. Bugun da ya fara kamar na mai barci ya riƙa ƙara sauri, ba a tsalle ɗaya ba, a ja-da-ciki, ta yadda ba za ka iya nuna wurin da ya canza ba. Matar tana matsawa ƙarshen lungun, bugun yana hawa. Lokacin da ta miƙa hannu za ta taɓa ƙofar, ya kusa ninka yadda ya fara. Ni da na kalli wannan fitowa har na haddace ta, ni da na san babu komai a bayan ƙofar, sai da na cire abin sauraro daga kunnena na waiwaya bayana. Tsikar jikina ta tashi har wuya. Na daɗe ina wannan sana'a, na'ura ba ta taɓa yi min haka ba.

Na tura wa darakta a daren. Amsarsa gajeriya ce: "Malam, wannan shi ne. Don Allah kada ka taɓa shi."

A wannan lokacin da an ce in ba ta maki, da na ba ta duka na ƙara da addu'a. Kuma ba gurnanin kaɗai ba. Tana da abin nan da ke ninka sauti biyu ya fitar da jimillarsu da bambancinsu, ya watsar da na asali, shi ya sa amonsa ba ya zama a kan kowace murya, sai ƙarar ƙarfe mai ɗaci. Da shi na yi muryar abin da ke cikin bututu, na haɗa da 'yar shuuu ta iska, kuma ya zauna daram. Na gwada kwaikwayon teramin, na'urar nan da Leon Theremin ya ƙirƙira a Rasha wajen 1920, wadda ake kaɗawa ba tare da an taɓa ta ba: amo mai laushi, zamewa daga murya zuwa murya, da 'yar rawar murya a kai. Ta yi, duk da ba ta kai asalin ba. Jerin muryoyin da take maimaitawa da kanta ma yana yarda a yanke shi a kan taku biyar ko goma maimakon takwas, wanda duk mai son salon John Carpenter, daraktan finafinan ban tsoro mai yi wa finafinansa kiɗa, na ƙirgen biyar-biyar zai ji daɗinsa. Filtarta kuwa idan ka murɗa ta ƙarshe takan fara kuka da kanta, wani siririn fito mai shiga ƙashi. Sauran abubuwan da ke jikinta suna aiki, ba ni da abin cewa a kansu.

Sai aka sake yanka fim ɗin.

Wannan ba baƙon abu ba ne, duk mai yi wa fim kiɗa ya san hoto ba ya tsayawa wuri ɗaya sai ranar da aka rufe shi. Edita ya ƙara wa tafiyar lungun tsawo, ya sa matar ta tsaya a tsakiya ta saurara kafin ta ci gaba. Gyaran ya yi kyau, ba na musu. Amma yanzu kiɗana ya gaza, yana kai ƙololuwa tun matar ba ta kai ƙofa ba. Darakta ya ce, "Ai ba wani abu ba ne, irin na jiya za ka sake yi, ka ɗan ja shi."

Na san na'urar ba ta ajiye saiti, da sanina na saye ta. Shi ya sa tun a daren farko na ɗauki hoton fuskarta da waya, kowane maɓallin murɗawa da inda ya tsaya. Na mayar da komai wurinsa, layi bisa layi. Abin da ya fito wani abu ne daban. Na kashe ta na bari ta huce na sake kunnawa, sai ta zame ta wancan gefen, bugun yana raguwa maimakon ya ƙaru. Na sake, ta yi tsalle da wuri ta wuce wurin. Na sake, ta tsaya cik kamar an dasa ta. A nan ne na gane ainihin aibinta, kuma ba rashin ajiya ba ne. Maɓallin da ke saita osileta ta biyu guda ɗaya ne, kuma an cusa masa tazara mai faɗin gaske a cikin ɗan murɗi kaɗan. Babu ƙaramin maɓalli na gyaran ƙarshe. Ni tazarar 1 Hz nake nema, shi kuma ko numfashi ka yi a kansa ya wuce da kai uku ko huɗu. Na riƙa tura shi da gefen farce, ina riƙe numfashi, ina kallon mita a kwamfuta tana rawa. Wannan ba aikin kiɗa ba ne, wahala ce kawai, kuma wahalar da ɗan maɓalli guda zai kawar.

Na koma kan abin da na riga na ɗauka, ko zai ceto ni. Na ja shi a manhaja don ya yi tsawo, sai gurnanin ya fara wani ɓurɓushi, bugun kuma ya yi nauyi ya rasa tashin hankalinsa. Na yanko tsakiyarsa na maimaita, sai ɗinkin ya fito fili, domin abu ne da ke hawa ba tsayawa, duk inda ka yanka ka liƙa kunne zai ji an koma baya. Abin da ya sa ya yi kyau shi ne dai ya hana a gyara shi.

Wani abokin aikina da na kai wa kuka ya ce ai haka tsofaffin suke, abin da na saya ke nan. Ya kawo min misalin Louis da Bebe Barron, waɗanda suka yi wa Forbidden Planet sauti a 1956, babban fim na farko da aka yi wa kiɗan lantarki zalla. Su da kansu suke ƙera da'irorinsu, su matsa musu wuta har su ƙone, suna ɗaukar komai a tef saboda sun san ba zai dawo ba. Gaskiya ne, kuma ina girmama wannan aiki matuƙa. Sintisaizar Minimoog ta 1970 ma ba ta ajiye saiti, kuma an san ta da zamewa idan ta yi zafi. Amma ina laifin a faɗi sauran labarin? Tun 1978 sintisaizar Prophet-5 ta zo da ma'ajiyar saiti da maɓallin da ke daidaita muryoyinta da kansa. A 1982 Juno-60 ta zo da osileta da agogon dijital ke riƙe wa murya, ba ta zamewa. Mutanen wancan zamanin ba son wahalar suke yi ba, suna samun mafita suka rungume ta. Wanda zai ƙera na'ura yau ya sayar wa masu aiki, ya kamata ya ba ni zaɓi: in na so ta zame in sake ta, in na so ta tsaya in kulle ta. Ba a ba ni ko ɗaya ba. Ita ke zaɓa.

Tun da na fara, bari in ƙarasa, don akwai abin da na haɗiye tun ranar farko saboda daɗin amonta ya rufe min baki. Idan ka haɗa ta da kwamfuta ta USB, akwai wani siririn tsiii da ke biyo layin sauti. A cikin waƙa mai ganguna ba wanda zai ji shi. A kiɗan ban tsoro kuwa rabin aikin shiru ne, kana ɗaga gurnani mai rauni sama don ya cika ɗaki, sai tsiii ɗin ya taso tare da shi. Sai da na cire USB na koma tsohuwar wayar MIDI mai ƙafa biyar, wadda ake haɗa kayan kiɗan lantarki da ita, fasahar 1983, sannan ya ɓace. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ba ta ce uffan a kan wannan ba. Ba ta kuma faɗi cewa na'urar tana buƙatar lokaci ta ɗumama kafin muryarta ta zauna ba, alhali wannan shi ne abu na farko da ya kamata sabon mai saye ya sani. Na rubuta wa masu ita, na yi bayani dalla-dalla, har da sautin da na ɗauka. Amsar da ta zo ta nuna ba a ma karanta ba: in duba ko wayoyina sun shiga da kyau, in kashe in kunna. Wannan ya ƙona min rai fiye da maɓallin.

Yadda muka ƙare da fitowar lungun shi ne, na bar asalin ɗaukar a yadda take, na jinkirta shigarta, na cike farkon da iska da ƙarar ƙarfen nan daga nesa. Wurin da matar ta tsaya ta saurara na bar shi ba kiɗa sam, sannan gurnanin ya shigo daga ƙasa. Darakta ya karɓa, har ya ce shirun ya ƙara wa wurin nauyi. Na ji daɗin hakan, amma ni na san ba abin da na so yi ba ne, abin da na'urar ta bar min ne.

Ban mayar da ita ba, kuma ba na jin zan sayar. Yanzu ba na ɗora ta a kan hoto kai tsaye. Nakan kunna ta tana sanyi, in danna ɗauka, in bar ta ta yi ta zamewarta na tsawon lokaci a kan muryoyi daban-daban, da A da B-flat masu gogar juna, da tazarar nan ta rabin zango mai hana kunne sakat, in tara su a ajiye. Idan aiki ya zo sai in shiga rumbun in zaɓo wanda ya dace, kuma kullum ina ɗaukar abin da ya fi buƙatata tsawo nesa ba kusa ba. A haka tana ba ni abin da babu manhajar da ta taɓa ba ni.

Idan kai mai yin kiɗa ne don kanka, ba mai jiranka, ba mai cewa a ƙara daƙiƙa goma, saye ta, za ka ji abin da na ji a daren nan. Idan kuwa aikinka na fim ne, inda edita zai iya kiranka da tsakar dare ya ce an canza yanka, kada ta zama ita kaɗai ce a kan teburinka. Ka tanadi wata mai ajiye saiti a gefe, ka sayi wayar MIDI tun kafin kwalin ya iso, kuma duk lokacin da ka kunna ta, ko gwaji kake yi, ka tabbata ɗauka tana tafiya.